Tsamiyar Baba a Cikin Kwalba

Babana filamba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana bin ruwa a cikin bangon gidajen mutane. A unguwarmu Mai Famfo ake ce masa, Mama kuma in tana jin tsokana sai ta ce Injiniya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, in ya murɗe murfin kwalba sai dai a jira ya dawo ya buɗe.

Idan aka kira shi gidan da ruwa ke yoyo, ba ya gaggawar fasa bango. Yakan ce a kashe rediyo, yara su yi shiru. Sai ya kara bakin sukundireba a jikin fayif, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya lumshe ido. Bayan minti biyu ko uku ya ciro alli daga aljihu ya zana da'ira a bango, ya ce, "Nan za a fasa." Ni dai ban taɓa jin an ce ya fasa wuri biyu a gida ɗaya ba.

Ni ce autarsa, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Yayuna duk sun kama gabansu, ni kaɗai na rage tare da su a hawa na uku na wani bene mai gidaje goma sha biyu. Ɗaki biyu ne da falo, sai kicin, sai 'yar baranda da ba ta cin fiye da kujera biyu.

Yana da shekara hamsin da tara ya faɗo. Ya hau duba tankin wani gida, matakin tsani ya karye da shi, ya sauko a kan gwiwarsa ta dama. Bayan wata uku likitan ƙashi ya gaya masa gaskiya: ba hawa tsani, ba durƙuso a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma nan gaba sai an yi wa gwiwar aiki. Baba ya ce to. Ya dawo gida ya raba manyan kayan aikinsa ga mutanen da ya koya wa sana'a, ya bar wa kansa ƙaramar jaka ɗaya.

Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. A mako biyu ya kwance duk wani famfo na gidanmu ya mayar, alhali ba abin da ya same su. Ran da Mama ta shiga kicin ta tarar da kan famfo a cikin faranti, ta fito riƙe da ludayi.

"Injiniya, wallahi in ka ƙara taɓa min famfon nan, ni da kai ne."

"Yana ɗiga."

"Ba ya ɗiga! Kai ne kake ɗiga. Ka nemi abin yi."

Wata ranar Talata na raka shi ganin likita. A kan tagar ofishin akwai wata 'yar bishiya cikin faffaɗan kasko, tsayinta bai kai kamu biyu ba, amma jikinta irin na tsohuwar bishiya, da ɓawo da rassa a baje. Likita na bayanin hoton gwiwa, idon Baba na kan taga.

"Likita, wannan ta roba ce?"

"Mai rai ce. Bonsai ake ce mata. Ta girmi 'yarka ma, ina jin."

"Me aka ba ta ta ƙi girma?"

Likita ya yi dariya ya ce ba a ba ta komai ba. Ana datse mata saiwa ne da rassa a kai a kai, a lanƙwasa ta da waya, sai ta tsufa a gajarce. Baba ya tashi da sandarsa, ya je ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kaskon, ya shafa gindin da ɗan yatsa. Muna cikin mota, mun kusa gida, ya juyo wurina.

"Auta, wadan itacen nan, zan yi shi."

Matsala ɗaya ce. A gindin matakalar benenmu akwai sanarwa manne a bango: an hana ajiye tukunyar shuka mai ƙasa a baranda ko a cikin ɗaki. Kuma Baba ne ya sa aka kafa dokar. Sau huɗu yana yashe magudanar benen saboda ƙasar da ke bin ruwa daga tukwanen furannin maƙwabta, a na huɗun ya je ya sami mai benen ya ce ko a hana, ko a nemi wani filamba. Wanda dokar ta fi shafa shi ne Tela, maƙwabcinmu na hawa na biyu, wanda matarsa ta kwashe tukwane goma sha ɗaya ta kai gidan ƙanwarta tana ƙunƙuni.

Mama ce ta tuna masa. "Ka manta takardarka ta ƙasa? Ka shigo da ƙasa cokali ɗaya ka ga yadda Tela zai yi da kai."

"Takardar nan, ƙasa ta hana. Ba ta hana shuka ba."

"To a me za ka shuka, a iska?"

"A ruwa."

Muka dube shi. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan kujera.

"Ku tsaya ku ji. Shekara nawa ina zaro saiwar bishiya daga cikin fayif? Fara fat, doguwa kamar igiya, ta cika fayif ta toshe shi. A can ciki ƙasa take ci? Ruwa ne kawai da ɗan abin da ke cikinsa. Bishiyar kuma ka gan ta a waje shar. In saiwa za ta rayu a fayif ɗin da ba a gayyace ta ba, za ta rayu a kwalbar da na wanke mata."

Na ce masa ai ana yin haka, akwai masu noman latas da tumatir a ruwa zalla, amma ban taɓa jin an yi da bishiya ba. Ya ce to zan ji.

Tsamiya ya zaɓa, saboda ganyenta ƙanana ne, ba za su yi wa gajeruwar bishiya girma ba. Ya roƙi Mama 'ya'ya goma sha biyu daga wadda take ajiyewa a kicin. Ya goge gefen kowanne da magagari har farin ciki ya ɗan leƙo, ya jiƙa su kwana ɗaya a ruwan ɗumi, sannan ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya sa a roba mai murfi. Kullum da safe sai ya buɗe ya leƙa. Ran kwana shida, guda tara suka fasa, kowanne da 'yar farar saiwa kamar haƙorin jariri.

Sauran aikin duk na filamba ne. Ya tara kwalabe tara masu faɗin baki. Ya samo 'yar rariyar roba irin wadda ake sawa a bakin magudanar wanka, ya zaunar da ita a bakin kowace kwalba. Ya sa aka kawo masa jan bulo ƙonanne guda biyu, ya farfasa da guduma kamar girman wake, ya wanke sau biyar har ruwan ya fita garau. Ɓarɓashin bulon shi ke riƙe tsiron a cikin rariya, saiwa kuma ta zura ta ƙasa ta shiga ruwa. Ya jera su a baranda inda rana ke bugawa da safe.

A nan ya fara yin kuskure. Ya aika aka sayo masa takin zamani na gona, ya narka cokali biyu a bokiti ya ɗura musu. Cikin kwana huɗu bakin ganyen ya ƙone, saiwoyi suka koma ruwan ƙasa. Ga kuma gansakuka ta mamaye kwalaben saboda hasken rana, ruwan ya koma kore. Shida suka mutu a mako ɗaya.

Na ɗauka zai karaya. Na dawo aiki na same shi ya shimfiɗa matattun a kan jarida yana duba saiwarsu da tabarau.

"Ni na kashe su," in ji shi, ko a jikinsa. "Na yi musu ɗura. Auta, a wurin aikinku da me kuke gane ruwa ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa?"

Washegari na saya masa takardar gwaji a kantin magani, irin wadda ake tsomawa a ruwa ta sauya launi, da sirinji babba. Na kuma bi ta shagon kayan gona na tambaya ko suna da takin ruwa na masu noma ba ƙasa. Mai shagon ya ɗauko robobi biyu, ya ce ana haɗa su ne a ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da na ce masa bishiya babana zai ba, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ki gaida Baba."

Baba ya karanta ma'aunin da ke jikin robar, ya ce kashi ɗaya cikin huɗu zai ba su, tunda ba ƙiba yake nema musu ba. Ya gwada ruwan famfonmu, ya ga ya fi ƙarfin abin da saiwa ke so, sai ya riƙa ɗiga masa ruwan lemun tsami har takardar ta nuna launin da ake so. Kwalabe ukun da suka rage kuma ya naɗe su da baƙin tef na masu wuta, ya bar siririn layi ɗaya da zai riƙa ganin inda ruwa ya tsaya. Gansakuka ba ta ƙara dawowa ba. Yayana ya kawo masa ɗan injin hura iska irin na akwatin kifin ado, Baba ya raba bakinsa gida uku da siririn tiyo. Tun daga nan barandarmu ta koma yin ɓul-ɓul kamar ana dafa wani abu.

Sabbin saiwoyi suka fito farare. Ganye ya buɗe, jeri biyu a kan kowane ɗan tsinke. Da yamma in rana ta yi sanyi sai ganyen ya haɗe kamar an rufe littafi, da safe ya sake buɗewa. Mama, wadda ta rantse ba ruwanta, ita ce ta fara lura.

"Injiniya, 'ya'yanka sun yi barci."

Labari bai daɗe ba ya sauka hawa na biyu. Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Tela da tef ɗin awo a wuya, mai benen na bayansa yana haki.

"Mai Famfo, an ce kana noma a sama," in ji Tela. "Mu da aka kwashe wa tukwane muka ce bari mu zo mu ga gonar masu doka."

"Bismillah, ku shigo. Mamansu, a kawo musu shayi."

Ya kai su baranda, ya ɗaga rariya ɗaya sama, saiwa na reto ruwa na ɗiga. Ya miƙa wa Tela farin hankici.

"Goga duk inda kake so. In ka samu ƙasa ko ta kan allura ce, yau zan zubar da su."

Tela ya goga bakin kwalba, ya goga daɓe, har ya leƙa magudanar baranda. Mai benen dai ya tsaya yana kallon saiwar baki buɗe. Daga ƙarshe ya tambaya ko abin zai yiwu da barkono, don matarsa ta daɗe tana damunsa. Tela ya sha shayinsa ya ce shi dai har yanzu yana ganin akwai wayo a ciki, sai dai bai gano inda yake ba.

Ana cikin tsananin zafi injin wutar unguwarmu ya ƙone, muka yi kwana uku ba wuta. Injin iska ya tsaya. A rana ta uku Baba ya fito baranda ya ja hanci, tun kafin ya taɓa komai ya ce, "An samu ruɓa." Hancin filamba ne, ba ya kuskure a kan wannan warin. Biyu daga ciki saiwarsu ta yi yauƙi ta saɓule a hannunsa. Ta ukun kuwa lafiya lau.

Ya yi rabin yini yana juya kwalbar nan. Taki ɗaya, ruwa ɗaya, wuri ɗaya. Can sai ya kira ni ya nuna min siririn layin da ya bari a jikin tef. Wannan tsiron ya fi sauran shan ruwa, don haka ruwansa ya sauka da kamar yatsa uku, saman saiwar yana rataye a fili.

"Kin gani? Ta sama take shaƙar iska, ta ƙasa take sha. Sauran na cika musu ruwa har wuya, da injin ya tsaya suka shaƙe. Ko magudanar gida in ba ka sa mata fayif ɗin numfashi ba, ba ta tafiya. Abin da na sani tun ina saurayi, ga shi na manta da shi a barandata."

Daga ranar bai ƙara cika kwalbar ba. Ya zana alama da jan fenti, ruwa ba ya wuce nan. Duk bayan Asabar biyu yakan juye ruwan gaba ɗaya, ya wanke kwalbar, ya haɗa sabo da sirinji. Tsamiya ɗaya ta rage masa daga goma sha biyu, kuma ban taɓa jin ya yi maganar sauran da nadama ba.

Da ta cika wata shida ya ce lokacin yanka ya yi. Uwar saiwar ta yi tsawo har ta naɗe a gindin kwalba, in aka bar ta bishiyar sama za ta yi ta miƙewa. Ya dafa almakashi a ruwan zafi, ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya kwantar da tsiron. Mama ta tsaya a ƙofar kicin.

"Ka rene ta kamar jinjira, yanzu kuma ka yanke mata ƙafa? Me ta yi maka?"

"In ban yanke ba, nan da shekara biyu sai dai mu fita mu bar mata falon."

Ya datse kashi ɗaya cikin uku, ya bar ƙananan saiwoyin gefe. Kwana goma tsamiyar ta yi laushi, ta zubar da ganye har bakwai, Mama na ƙirgawa tana faɗa masa kullum. Ran kwana goma sha biyu sabon toho ya leƙo, saiwoyin gefe kuma suka yi yawa kamar gemu. Bayan 'yan watanni ya fere tsohuwar wayar wuta ya ciro tagullar ciki, ya naɗe gindin da ita a hankali, ya karkatar da shi hagu, ya dawo da shi dama. Hannun da ke murɗe fayif mai inci biyu, sai ga shi yana lanƙwasa abin da bai kai kaurin fensir ba, kuma bai karya ba.

A shekara ta biyu gwiwar ta ƙi. Likita ya sa ranar aiki, ya kuma ce bayan an sallame shi kada ya hau bene sai ya yi mako shida. Aka shirya zai zauna gidan yayana, wanda ba bene ba ne. Ranar tafiya Baba ya manna takarda a ƙofar baranda, layi goma sha ɗaya, na ƙarshen da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA ALMAKASHI. Ni ya damƙa wa amanar, amma a watan aka mayar da ni aikin safe da yamma, sai aikin ya faɗa kan Mama, wadda take kwana biyu can, kwana ɗaya nan.

Aikin gwiwa ya yi kyau. Kullum in muka je, kafin ya amsa gaisuwa sai ya tambayi launin takardar gwaji.

A mako na uku na dawo na tarar da Mama zaune a baranda ta zuba tagumi. Kan tsamiyar babu. Dogon tohon nan na tsakiya, wanda ya kai kusan kamu ɗaya, yana kwance a kan tebur.

"Mama, me ya faru?"

"Iska ce ta taso, na manta ban ɗaure labulen baranda ba. Ya naɗe kan ya karya shi, yana reto da ɓawo kawai. Na ga in na bar shi haka ruɓewa zai yi. Na dafa almakashi na cire."

"Kin ga layin ƙarshe na takardar?"

"Na gani, Auta, ai ba makauniya ba ce ni. Kada ki gaya masa. Mutum na koyon tafiya, a bar shi ya ji da ƙafa ɗaya."

Mako uku muka yi muna ba shi amsa rabi-rabi. Launin takarda daidai, ruwa na kan jan layi, saiwa fara. Duk gaskiya ne.

Ranar dawowa ya ƙi yarda a riƙe shi. Matakala arba'in da takwas ya hau da sandarsa, yana hutawa a kowane hawa, Tela na binsa a baya da jaka yana ba shi labarin unguwa. Ko zama bai yi ba ya wuce baranda. Ni da Mama muka tsaya a falo muna kallon bayansa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau, ya juya kwalbar a hankali. A ƙarƙashin wurin yankan, toho uku sun fito, kowanne ya fuskanci gefensa.

"Wa ya yanke?"

"Ni ce," in ji Mama, ta matso. "Labule ne ya karya. In faɗa za ka yi, ka yi, amma ka ci abinci tukuna."

"Wa ya ce ki yanka a karkace, kuma daidai saman idon toho?"

"Kana tsammanin duk dogon bayanin da kake yi wa kwalba kullum, ni kurma ce a kicin?"

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Sai muka ga kafaɗarsa na rawa, ashe dariya yake.

"Wata uku ina so in cire kan nan. Sau biyu ina dafa almakashi ina mayarwa. Nan ɗin da kika yanke, nan nake aunawa, hannuna ya ƙi."

"Kai da ka yanke mata ƙafa ko gezau?"

"Saiwa na sani. Reshe ne ban sani ba." Ya miƙa hannu ya ɓalle takardar daga ƙofa, ya linke ya sa a aljihu. "Daga yau ƙasa nawa, sama naki."

Haka kuwa aka yi. Mama ta sayi ɗan almakashinta na musamman, ta hana kowa taɓawa. Ita ke tsinke toho in ya wuce ganye huɗu, ita ke cewa wane reshe za a bari. Shi kuma ruwa da taki da saiwa, duk bayan wata huɗu ya rage mata gemu, don a ruwa saiwa ba ta da wuyar yawa. Sukan yi musu a kan reshe ɗaya har shayi ya huce. Akwai wani na hagu da suka yi wata biyu suna ja, shi yana cewa ya tsaya masa a ido, ita tana cewa a nan kyan bishiyar yake. Har yau reshen yana nan.

Yanzu tsamiyar tana shekara ta biyar. Tsayinta kamu ɗaya da rabi, gindinta ya kai kaurin babban yatsan Baba, ɓawon ya fara tsagewa irin na manyan bishiyoyi. An sauya mata mazauni zuwa wani gajeren gilashi mai faɗi da Baba ya sa aka yanka masa. Tela yana da kwalabe biyu a tagar shagonsa, lemun tsami ne, kuma duk wanda ya zo awo sai ya ji yadda shi ne ya fara gano cewa abin zai yiwu.

A watan jiya wata shugabar makarantar 'yan mata ta zo har gida. Ɗaya daga cikin mutanen da Baba ya koya wa aiki ne ya ba ta labari. Ta ce suna da fili a bayan ɗakin girki, amma duk siminti ne, tana so ɗalibai su riƙa noma ganyen da za su ci. Baba ya tambaye ta tsawon wurin, da inda rana ke fitowa, da nisan famfo. Kafin ta gama shayi ya zana mata layi shida na fayif mai inci huɗu a bayan kalanda, da ramukan da shuka za ta zauna, da gangaren da ruwa zai bi ya koma tanki.

"Amma Baba, ƙafarka?" in ji ta.

"A ƙasa ne ai. Ki sa a ajiye min kujera a inuwa. Masu durƙuso ina da su har biyar, duk ni na koya musu."

Bayan ta tafi na ce masa ko ya ɗan jira likita ya gani tukuna. Ya ce ya riga ya buga masa waya, likita ya ce tafiya ma magani ce. Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ya duba tef ɗin awo da alli, ya ce da Mama ta ba shi farar rigarsa ta aiki.

"Auta, ran Litinin ƙarfe bakwai da rabi za ki sauke ni kafin ki wuce asibiti. Ki taho min da takardar gwajin nan fakiti biyu, ban san irin ruwansu ba."